Tsibirin Lete: Yadda Aka Kauce wa Yaƙi

 Darasinmu na yau a kan rikicin ƙasa da ƙasa ne. Ku karanta a hankali.

Kun san kogin Isa ya raba Nijar da Binin, wadda a dā ake kira Dahome. A tsakiyar kogin, kusa da Gaya, akwai tsibiri mai suna Lete. Filani suna kiwo a cikinsa, manoma kuma suna shuka. Kowace ƙasa ta ce nata ne. A shekarar 1960 har an yi faɗa a can, an rasa rayuka.

A ƙarshen 1963 abin ya yi zafi. Gwamnatin shugaba Diori Hamani ta sallami ƴan Dahome masu aiki a Nijar. Ita kuma Dahome ta toshe hanyar Kwatano. Ku tuna, Nijar ba ta da teku. A lokacin, kayanmu da yawa ta Kwatano suke shigowa. Soja suka ja daga a bakin kogi. Saura ƙiris a gwabza.

To, me ya hana yaƙi? Magana ce. Ƙasashe maƙwabta suka shiga tsakani. A watan Janairu 1965 shugabannin suka zauna a Yamusukuro, ƙasar Kwaddibuwa, suka sasanta.

Amma gardamar ba ta mutu ba. Sai a 2001 ƙasashen biyu suka yarda su kai ƙara kotun duniya da ke birnin Lahai. Ran 12 ga Yuli 2005 alƙalai suka yanke hukunci. Tsibirai 25 ne aka raba: 16 na Nijar, har da Lete, 9 na Binin. Duka biyu suka karɓa.

A 2023 dangantaka ta sake tsami, aka rufe iyaka. Wa ya sha wuya? Direban da motarsa ta tsaya a Malanbil, da mai cefane a kasuwar Yamai.

Ke nan, ƴan'uwa, harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a baki ɗaya suke kwana. Shari'ar Lete ta ɗauki shekaru, amma ba ta bar maraya ko ɗaya ba. In kun ji ana zuga wutar yaƙi, ku tambaya: an zauna an yi magana tukuna?

Allah ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.