Motar haidirojin da gidan man da babu ɗan bumburutu a gefensa

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin direbobin A Daidaita Sahu da ke zirga-zirga tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni da Unguwar Gano ya rikice. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Ga kuɗin mai, ga balas ɗin mai babur da yamma. Wannan matsin ne ya sa aka fara sauraron masu cewa a koma iskar gas ta CNG, har wasu 'yan boko na hango haidirojin.

Motar haidirojin ba tatsuniya ba ce. Toyota ta fitar da Mirai a 2014, Hyundai ta biyo da Nexo a 2018. Haidirojin na haɗuwa da iskar shaƙa a cikin na'ura ta ba da lantarki, ruwa ne kaɗai ke ɗiga daga salansa, kuma cika tanki bai wuce minti biyar ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin sha. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda gwamnati ta zuba kuɗi sosai, kamfanin Shell ya rufe tashoshinsa na ƙananan motoci a Fabrairun 2024. Motocin ba su yi yawan da za su riƙe tasha ba, masu saye kuma sun ja baya don tashar ba ta da tabbas.

Kano ta ɗanɗana irin wannan a harkar CNG. An ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a Yunin 2020, aka yi ta ɗaga ranar kammala shi. Muddin gas bai iso ta bututu ba, sai dai tirela ta ɗauko shi daga kudu, kuma kuɗin dakon yana cinye wani ɓangare na arhar.

Akwai abin da masu tsara manufofi a Abuja ba su cika lura da shi ba. Fetur ya zauna da gindinsa a Kano ne har da taimakon ɗan bumburutu. In gidajen mai na Titin Zariya suka rufe, direba zai tsaya gefen hanya, yaro ya kafa mazurari ya juye masa galan guda, ya ƙara gaba. Iska kuwa ba ta shiga jarka. CNG sai tukunya mai jure matsi na kusan bar 200, haidirojin kuma bar 700. Fashewar da ta auku a wata tashar CNG a birnin Benin cikin Oktoban 2024, wadda aka danganta da tukunyar da mai walda ya haɗa, ta nuna hatsarin yin dabarar bakin titi a nan. Duk da haka mai CNG yana da mafita: in gas ya yanke, ya danna maɓalli ya koma fetur. Mai Mirai sai dai ya ajiye mota.

Sai batun wuta. Raba ruwa don samun kilo ɗaya na haidirojin na cin lantarki kusan yunit 50. A farashin wutar rukunin A na Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, kuɗin wuta kaɗai ya haura naira 11,000, kilon kuma tafiyar kusan kilomita 100 yake yi. Ba a ma zo kan matse iskar da sanyaya ta ba, balle a tambayi kamfanin wuta na KEDCO ko wutar za ta zauna.

A ganina, in har haidirojin zai taɓa shigowa Kano, ta manyan motoci masu hanya ɗaya zai shigo, irin bas da tirelolin da ke kwana wuri guda, inda famfo ɗaya a tasha kamar ta Unguwa Uku zai san adadin masu sayensa tun da asuba. Wannan tsarin shi CNG ma ke buƙata yanzu, kuma shi gas ɗin Najeriya tana da shi a ƙasa, jigilarsa ce ta rage.