Wa ya kai waƙar Sakamoto Amurka?

A watan Yunin 1963, waƙar da ta riƙe matsayi na ɗaya a jerin Billboard na Amurka, mako uku a jere, babu kalmar Turanci ko ɗaya a cikinta. Mai rera ta, Kyu Sakamoto, ɗan garin Kawasaki na Japan ne mai shekara 21, mawaƙi kuma ɗan fim. Shekara 18 kacal ke nan da gama yaƙi tsakanin Japan da Amurka. To, wa ya kai ta can?

Ba Sakamoto ba ne. Shi don mutanen gida ya rera ta a 1961, Hachidai Nakamura ya tsara kiɗan, Rokusuke Ei ya rubuta baitocin, labarin wani mai kaɗaici da ke tafe da dare yana danne hawaye.

Idan aka bi sawu, Ingila ya fara nufa. Louis Benjamin na kamfanin faifai na Pye ya ji waƙar a Japan a 1962, ya koma gida da ita, ya miƙa wa Kenny Ball da makaɗansa. Suka busa ta, babu murya. Sunanta na asali ya yi wa Turawa nauyi a baki, sai aka laƙaba mata Sukiyaki, wani abincin naman shanu da ake dafawa a gaban masu ci. Ina ruwan mai kuka da tukunyar nama? Duk da haka ta shiga goman farko a Ingila.

Sai dai abin da Amurkawa suka saya muryar Sakamoto ce, ba busar Ball ba. A nan rediyo ya shigo. Wani mai gabatar da shiri a jihar Washington ya samu faifan asali ya sa, masu sauraro suka dinga neman a maimaita, wasu tashoshi suka ɗauka. Kamfanin Capitol ya ga kasuwa, ya buga faifan da sunan da Ingila ta raɗa.

Saura tambaya mafi wuya: me suka ji a waƙar da ba su gane ba? Wannan ba zai ɗaure wa Bahaushe kai ba, mu da muka tashi muna rera waƙoƙin fina-finan Indiya ba tare da jin Indiyanci ba. Kiɗan yana tafiya da fara'a, muryar kuwa tana rawa kamar mai shirin fashewa da kuka, can a tsakiya sai ya bar magana ya koma fito. Fito kuwa ba ya buƙatar tafinta.

A ganina waƙar suka so, ba mutumin ba, kuma akwai shaida: faifansa na gaba a Amurka bai wuce matsayi na 58 ba. A Japan ne sunansa ya zauna da gindinsa, a fim da talabijin, har ranar 12 ga Agustan 1985, da ya rasu a haɗarin jirgin Japan Airlines mai lamba 123, tare da mutum 519.