Garin Da Ba Ya Cikin Taswira, Rabonsa Na Wucewa

Idan za a yi gangamin rigakafi a Tanut ko Belbeji, ba haka kawai ma'aikatan lafiya ke hawa babur su kama hanya ba. Sai an zauna an yi lissafi: garuruwa nawa ne ƙarƙashin kowace cibiyar lafiya, yara nawa ne a cikinsu, man fetur nawa za a sha. A tsarin da ake bi a Nijar, wanda ke cikin kilomita 5 daga cibiya shi ke zuwa da ƙafarsa. Daga kilomita 5 zuwa 15 ma'aikata ne ke fita su same shi, abin da ya zarce haka kuma sai ayarin da ke yawo da mota. Duk wannan lissafi a kan jerin sunayen garuruwa da taswira yake tsayawa. Garin da ba a rubuta ba, ba a ware masa allura, ba a ware masa gidan sauro.

A Damargu matsalar ta fi tsanani. Ƙasa ce mai faɗi, inda gonakin hatsi suka yi iyaka da makiyaya. Bakin Birji da Sabon Kafi suna bisa babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas, kowa ya san da su. Amma ƙananan garuruwan da ke cikin gundumomin Tarka, Gangara, Falanko da Tenhiya fa? Ga tungayen noma da ake tarewa da damina a watse bayan girbi, ga rugagen Fulani da zangunan Abzinawa masu bin ciyawa da ruwa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta tsufa, an kafa garuruwa da yawa bayanta.

Maƙwabtanmu sun taɓa shiga irin wannan hali. A yaƙin da aka yi da shan-inna a Kano da sauran jihohin arewacin Najeriya, an gano cewa taswirorin da ake zanawa da hannu suna tsallake ƙauyuka. Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Ƙauyukan da aka manta suka fito fili. Wannan na cikin abin da ya taimaka har aka bayyana, a watan Agustan 2020, cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Yau wannan dabara ta zo hannun kowa. Akwai taswirar intanet mai suna OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004, kuma duk mai waya zai iya ƙara mata gari, rijiya, makaranta ko hanya kyauta. Sai dai tauraron ɗan'adam rufin ɗaki kawai yake gani. Bai san sunan gari ba, bai san fanfon da ya lalace ba, bai san koramar da ke yanke hanya a watan Agusta ba, daidai lokacin da ake rabon maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Ɗan gari ne ya san wannan.

Saboda haka, idan masu tattara bayanai sun zo, mai gari da dattawa su zauna da su. A faɗi sunan garin yadda mutanensa ke kiransa, a haɗa da sunan gundumarsa, domin garuruwa masu suna iri ɗaya suna da yawa. A nuna rijiyoyi, tabkuna, burtali da wuraren da makiyaya ke sauka a kowane lokaci na shekara. A sa mata cikin zaman, su ne suka san nisan ruwa da wahalar kai mai naƙuda asibiti. Kada a ƙara yawan mutane don kwaɗayin taimako, kada kuma a rage don tsoron haraji, ko wanne aka yi lissafin magani ne zai karkace.

Amma a yi hattara. Abin da ya hau intanet, na kirki da ɓarawo duk suna ganinsa. Sunan mutum, lambar wayarsa, yawan dabbobinsa, ko gidan da ke da mai tarin fuka, ba kayan taswirar jama'a ba ne. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Duk baƙon da ya zo da waya yana tambayoyi, a nemi takardar aikinsa, a tabbatar hukuma ta san da zuwansa. Wanda ya ce a biya kuɗi kafin a sa gari cikin taswira, macuci ne. Haka kuma zanen da ke cikin waya ba takardar mallakar gona ba ce. Ba da wannan takarda aikin kwamitocin filaye ne, wato COFO, ƙarƙashin dokar karkara ta 1993.

Matasa masu waya, ku buɗe taswira ku duba ko garinku na ciki. Idan babu shi, ku sanar da mai gari da shugaban cibiyar lafiya mafi kusa, tun kafin a tsara gangami na gaba.