Baƙon da ya kori mai gida: ina lalo da gasaya suka tafi?

Idan uwargida ta bi hanyar Sabon Tasha zuwa Kamazo a ƙarshen damina, ko ta leƙa filayen da ba a gina ba a bayan Narayi da Unguwar Romi, za ta ga ko'ina kore shar. Daga nesa abin gwanin sha'awa. Amma ki matsa kusa ki duba da kyau. Sau da yawa ciyawa iri ɗaya ce tak ta shimfiɗe filin, tsayinta ya kai ƙirjin babba, ganyenta da gashi-gashi, furenta ƙanana shuɗaye, in kika murza ganyen sai wani ƙamshi mai ƙarfi ya bugi hancinki. Wasu na ce mata ɗoɗɗoyar daji. Masana tsirrai na kiranta Hyptis suaveolens, asalinta kuwa yankunan zafi na nahiyar Amurka ne.

Surukata ta zo Kakuri da aure tun masaƙu na aiki dare da rana, kuma har yau ba ta daina mamakin yadda muke sayen lalo da kuɗi ba. A zamaninsu, in ji ta, da damina yaro ake aika wa bayan gida da ƙwarya, kafin tuwo ya nuna ya dawo da lalo, gasaya, karkashi ko tafasa. Ba wanda ya shuka su. Ruwa na sauka, su fito.

Gaskiya ba ciyawa ce kaɗai ta jawo ɓacewarsu ba. Gine-gine sun cinye filaye, maganin feshi kuma ba ya bambanta lalo da ƙaiƙayi. Sai dai ɗan abin da ya rage, gefen hanya da bakin rafi da kangon da mai shi bai samu kuɗin gini ba, nan ne baƙin tsirrai suka kafa sansani. Ita ɗoɗɗoyar dajin da wuri take tsiro, ta yi saurin tsayi, ta yi wa na ƙasa da ita inuwa har su shaƙe. Shanu da awaki ba sa son cin ta saboda warinta, don haka suna cinye sauran ganyaye su bar ta ta zuba iri son ranta. Kwanson 'ya'yanta na maƙalewa a zani da gashin dabba, a kai shi wani fili. In hunturu ya kama kuma ta bushe ƙayau, ta zama makamashin gobarar daji a bakin gidajen mutane. Tana da ranarta, domin akwai masu turara ta don korar sauro, amma ba ta shiga tukunya.

Kada a ɗauka duk tsiron da ya zo daga waje abin ƙi ne. Tumatir, barkono, masara, rogo da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka zo mana. Zogale da mangwaro 'yan yankin Indiya ne. Dogon yaro ma, da muke sha wa inuwa kamar gadon kakanni, daga can yake, a shekarar 1928 aka fara dasa shi a Borno. Akasarin waɗannan baƙi sun zauna inda aka ajiye su. Wanda ake kuka da shi shi ne wanda ya baro ƙwari da cututtukan da ke taka masa birki a ƙasarsu, ya zo ya tarar da fili babu mai ce masa kul, sai ya haye kan kowa.

Maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da muke zaune tare a Barnawa da Talbijin sun san irin wannan baƙo tun kafin mu. Akwai wata ciyawa da Yarbawa suka laƙaba wa suna Akintola, a gabas kuma ake ce mata Awolowo, mutanen Gana na kiranta Acheampong. Kowa dai ya ɗora mata sunan ɗan siyasar zamanin da ta addabe shi. An rubuta cewa a 1937 ta shigo, a ɓoye cikin irin itacen malaina da aka kawo Inugu daga Silon, ƙasar da yanzu ake kira Sirilanka. Daga nan ta mamaye gonaki da saurukan kudu, ta yi ta haurowa arewa inda duk ruwan sama ya ishe ta. Ana matsa ruwan ganyenta a kan sabon yanka don tsayar da jini, amma inda ta yi duhu, ƙananan itatuwa ba sa samun tasowa.

Abin ya fi muni a bakin teku, kuma duk da nisan da ke tsakaninmu, yana taɓa tukunyarmu. Jatan landen da ake auna miki a Kasuwar Monday ta Kakuri ko kasuwar Sabo, da wani ɓangare na busasshen kifi, daga can gaɓar teku ake ɗauko su, garuruwa irin su Oron da ke Akwa Ibom. A waɗannan wurare akwai dazukan wasu itatuwa da ake kira mangurob, masu tsayawa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. Cikin saiwoyin nan ne jatan lande, ƙaguwa da 'ya'yan kifi ke ɓuya har su girma. A shekarar 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo wani irin kwakwa mai suna nipa daga Singafo suka dasa a Kalaba, da niyyar hana ruwa zaizaye gaɓa. 'Ya'yanta na yawo a kan ruwa, duk inda aka sare mangurob don itacen girki sai su riga kowa kama wurin. Yau nipa ta rufe gaɓa mai tsawo a Kuros Riba, Akwa Ibom da Ribas. Masuntan yankin na kukan cewa inda ta kafu kamu na raguwa, matan da ke tsintar dodon koɗi a cikin taɓo kuma sai sun ƙara nisa.

A ɓangaren Legas kuwa wata irin kainuwa ce mai fure shunayya. Asalinta kogin Amazon, kyan furenta ne ya sa aka yi ta yawo da ita duniya. A 1984 aka gan ta a ruwan Badagiri, ta gangaro daga Jamhuriyar Benin, daga baya ta bayyana har a tafkin Kainji. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Takan rufe fuskar ruwa ruf, jirgin kwale-kwale ya kasa wucewa, kifi ya rasa iska, sauro da katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya su sami mafaka.

Mu ma a Arewa muna da namu. Duk wanda ya fito daga Hadeja ko Nguru ya san kachalla. Ita ba ma daga ƙetare ta zo ba, dama tana nan jefi-jefi. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa ya janye da rani sai ya koma kwanciya shekara cur, kachalla ta sami abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

To ina ruwan uwargida a Makera da duk wannan? Ruwanta shi ne, ƙofa ɗaya da irin waɗannan tsirrai ke bi ita ce tukunyar fulawa. Ki duba lantana, wadda masu sayar da furanni a bakin titi ke bayarwa da araha don yin shinge. Furenta dunƙule-dunƙule ne, ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda a kai ɗaya, reshenta da ƙananan ƙayoyi. Tana cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar, tare da kainuwar nan da ciyawar Akintola. Tsuntsaye na cin 'ya'yanta su kai irin bayan gari. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗanyun 'ya'yan, kore-kore kamar ƙananan duwatsun wuya, guba ne ga yaro, ganyen kuma na lalata hantar tumaki da shanu. Gidan da ke da mai rarrafe ko ragon layya a ɗaure, ban ga dalilin ajiye ta ba. In an sare ta, a tono har saiwa, a bar ta ta bushe a ƙona. Zuba ta a kwata ko bakin rafi daidai yake da dasa ta, domin ruwan damina zai kwashe ta zuwa kogin Kaduna ya raba wa na ƙasa da mu.

Ɗoɗɗoyar daji kuwa tun tana ƙarama ake tuge ta, wajen watan Yuli zuwa Agusta, ƙasa na da laushi, kafin ta yi fure. In aka bari sai ta bushe aka cinna mata wuta, an makara, irin ya riga ya zube. Kuma wurin da aka tuge kada a bar shi fayau, don ita ce za ta fara dawowa. A watsa rama, yakuwa ko lalo.

Ni bana buhunan siminti shida na cika da ƙasa da takin awaki na jera a jikin katanga. Irin gasaya ne ya ba ni wahala, na zaga kasuwa ban samu ba, sai wajen wata tsohuwa Bagwariya mai kawo ganye daga wajen Kujama, ta ƙulle mini shi a ƙyalle. Da ya tsiro na kira 'yata mai shekara tara na ce ta gaya mini sunansa. Ta duba, ta duba, ta ce ciyawa ce, in kawo fartanya?