Kogin da Ke Cika Bayan Damina Ta Ɗauke

A Difa, can gabashin Nijar, ruwan sama kan ɗauke tun wajajen ƙarshen Satumba. Ciyawa ta bushe, a girbe ɗan geron da aka samu, hazo ya soma saukowa. To a daidai lokacin ne Kogin Yobe, wanda mutanen wurin ke kira Komadugu, yake ƙara tumbatsa, sai cikin Nuwamba ya kai maƙura. A Oktoban 2019 ma ɓallewa ya yi, ya cinye gonaki da gidaje, ya raba dubban mutane da muhallinsu. Daga ina ruwan nan yake?

Ba dai daga saman Difa ba. Abin da ke sauka a yankin kusan milimita 300 ne a shekara, rairayi kuma ya shanye shi nan take. Wani zai ce ko Tafkin Chadi ne ke cika ya turo ruwa baya. Wannan ma bai tsaya ba, domin ruwan gabas ya dosa, yana faɗawa tafkin tsakanin Boso ta Nijar da Malam Fatori ta Najeriya. Ai tafkin ma kogunan Shari da Logon ne ke ciyar da shi daga kudu. Abin da Yobe ke kai masa bai taka kara ya karya ba.

Sai a bi gaɓa a yi yamma. A wuce Damasak, a wuce Gaidam, har kusa da Gashuwa, inda kogin ya zama biyu. Ɗaya na Haɗeja ne, wanda kogunan Kano da Calawa suka haɗu suka haifa. Ɗayan na Jama'are ne, mai gangarowa daga tsaunukan Jos, inda ruwan shekara ke haura milimita 1,200. Ashe ruwan da manomin tattasai ke ja da injinsa a bakin Difa cikin sanyin hunturu, ruwan Agusta ne da ya sauka a Filato da Bauchi da Kano.

Saura tambaya mai wuya: me ya tsare shi wata biyu zuwa uku a hanya? Amsar tana shimfiɗe tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Ƙasar nan ba ta da gangare na kirki, ga kuma tsoffin jigayin rairayi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa mamaye wurin. Idan ruwa ya iso sai ya rasa hanya ɗaya, ya rarrabu rassa-rassa tsakanin jigayin, ya kwanta a fadamu. Sai wannan fadama ta ƙoshi sannan ta miƙa wa ta gaba. Rana ta ɗebi nata, ƙasa ta tsotsi nata, shinkafa ta sha, ragowar ce ke lallaɓawa ta isa kan iyaka.

A ganina wannan jinkirin ne ya rubuta tarihin kogin. Ruwa mai zuwa lokacin da ko'ina ya ƙafe dukiya ce. Kusa da kogin Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarshen ƙarni na 15, ya kuma zama fadar Borno har aka ci shi da yaƙi a 1808. Da Turawa suka zo rabon ƙasa, Faransa ta yi kukan cewa layin iyakar da aka shata a 1898 ya bar mata hanyar da babu ruwa zuwa Chadi. Aka gyara a 1904 da 1906, ƙarshen kogin ya zama iyaka, dangi ɗaya suka wayi gari wasu na Ingila wasu na Faransa.

Amma akwai abin da ya fi damuna. Yau kusan duk ruwan da ke wuce Gashuwa na Jama'are ne. Ina na Haɗeja ya shiga? An datse shi a Tiga a 1974, aka ƙara da dam ɗin Calawa a 1992, don shan birnin Kano da noman rani. Da can kogin kan ƙafe ƙaf da rani. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da ciyawar kacalla ke so ke nan. Wanda ya ga kacalla a Nguru ya san masifarta: ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus har kwale-kwale ba ya ratsa ta, laka na taruwa a gindinta, tsuntsayen jan-baki na kwana a cikinta da safe su afka wa gonaki. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin, ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, ya kwanta a can. Wasu ƙauyuka suna nutsewa, wasu suna kallon busasshen kwari.

Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 cewa za su raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci. Duk da haka, har gobe ana tayar da maganar ƙarasa dam ɗin Kafin Zaki a jihar Bauchi, kuma a kan ruwan Jama'are za a gina shi, reshe ɗaya tilo da ya rage wa Gashuwa da Gaidam da Difa.