Shirin Musamman: Ƙofar Shiga Shafin Intanet

Yau shirin namu ya leƙa Tudun Wada a cikin garin Gombe, unguwar da Jami'ar Jihar Gombe take tun kafuwarta a 2004. Idan ƙarshen karatu ya ƙarato, ɗaliban kimiyyar kwamfuta sukan duƙufa kan aikin kammala digiri, kuma shafin intanet yana cikin abubuwan da suka fi ginawa: wani na rajistar marasa lafiya, wata na sayar da atamfa da turare. Akwai wani ɗan tsaiko da kan tare sabon maginin shafi tun a makon farko, shi za mu warware yau.

Ɗalibi ya rubuta shafinsa, ya kunna shi a kwamfutarsa, ya buga 127.0.0.1:8000, wato adireshin da kwamfuta ke kiran kanta da shi. Yana jiran ganin shafin farko, sai ga lamba 404: ba a sami shafin ba. Alhali shafin yana nan. Hanyar zuwa gare shi ce ba a shata ba.

Adireshin intanet kashi biyu ne. Akwai sunan gidan, kamar gsu.edu.ng na jami'ar, sannan akwai abin da ke biyo bayan karkatacciyar sandar nan (/), wanda ke nuna wane shafi ake nema. Sunan yakan kai baƙo bakin gida kawai. Shafin farko shi ne zaure, kuma gidan da ba shi da zaure, baƙo zai yi ta sallama a waje har ya gaji ya tafi.

Mu ɗauki Django, manhajar gina shafuka da aka rubuta da harshen Python. Adrian Holovaty da Simon Willison ne suka fara ta a 2003 a wani gidan jarida da ke garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, aka sake ta ga kowa kyauta a 2005. A cikinta akwai fayil mai suna urls.py, jerin hanyoyi ke nan. Kowane layi yana cewa: in an nemi adireshi kaza, a miƙa shi ga aiki kaza. To me za a rubuta wa shafin farko, tunda bayan sunan gidan babu komai? Amsar ita ce babu komai ɗin za a rubuta. A cikin umarnin path, a buɗe alamar zance a rufe nan take, ba harafi ko ɗaya a tsakani, sannan a ambaci aikin da zai nuna shafin. Ko sandar ba a sa wa, domin Django takan cire ta da kanta kafin ta fara dubawa. A Laravel da Flask kuwa sandar ake rubutawa, shi ya sa wanda ya saba da su yakan rikice a nan.

Abin da ke ƙara ruɗa ɗalibi shi ne hoton rokar nan da Django ke nunawa ranar farko. Sai ya ɗauka shafin farko ya samu. Barka da zuwa ce kawai. Da zarar ya ƙara hanya tasa ta kansa, roka ta ɓace.

Daga sama Django take bin jerin hanyoyin urls.py, kuma layin farko da ya dace shi take ɗauka, ba ta waiwayar na ƙasa. Sai kuma batun tsofaffin bidiyon koyarwa na YouTube. Umarnin path ya shigo ne da Django 2.0 a watan Disambar 2017, tsohon umarnin url kuma an cire shi gaba ɗaya a Django 4.0 a ƙarshen 2021. Ɗalibin da ya ƙona datarsa kan bidiyon da ya girmi waɗannan shekarun, kuskure zai kwafa. Ku duba shekarar bidiyo kafin ku danna.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Shafin kuskuren 404 mai ruwan ɗorawa da Django ke nunawa abokin magini ne, domin yana jera duk hanyoyin da aka gwada, kuma wanda ya natsu ya karanta shi zai ga inda gizo ke saƙa. Amma na cikin gida ne. Kafin shafi ya fita duniya, wajibi ne a kashe saitin DEBUG da ke nuna shi, in ba haka ba kowane mai wucewa zai ga tsarin cikin aikinka. In an kashe, baƙon da ya ɓata hanya zai tarar da gajeren saƙo cikin Turanci, ba bayani ba jagora. Ku tuna da mai neman kayanku daga Kumo ko Bajoga, da ƙaramar waya da data ƙalilan. In ya ga haka, zai ce an rufe shagon, kuma da wuya ya sake dawowa.

Gyaran ba shi da tsada. Django tana karɓar fayil mai suna 404.html. Ku rubuta shi da Hausa: a yi haƙuri, wannan shafin ba ya nan, danna nan ka koma farko. Ku kuma raɗa wa hanyar shafin farko suna a cikin path, domin ko adireshi ya sauya gobe, maɓallin komawar ya ci gaba da aiki. Malamai masu duba aikin ɗalibai, don Allah a riƙa buga adireshin da babu shi a ranar kare aiki, a ga abin da zai fito.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.