Daga Gammo zuwa Abuja: Lissafin da magidanci ke yi kafin ya kwashe iyali

Tafiya ci-rani ba baƙon abu ba ce a Gammo da ke ƙaramar hukumar Kabo. Ana gama girbi samari su kama hanya, damina ta dawo da su. Kwashe iyali kacokan zuwa Abuja kuwa sai an zauna da dangi.

Gona ake fara tattaunawa a kai. Da wuya a sayar. Akan bar wa ɗan'uwa aro ko a ba da haya a gaban shaidu, don kada gobe a yi rigimar iyaka. Akan kuma jira kaka, a tafi da buhunan masara da dawa, domin a can komai sai da kuɗi.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har ɗaukar tsohon gado da kujeru kan fi darajarsu tsada. Gara a sayar da su a nan.

Masauki ne babban ciwon kai. Masu gidaje na neman kuɗin shekara a dunƙule, ga na dillali, shi ya sa baƙi da dama ke sauka a Mararaba ko Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja a Neja. Mai dabara shi kaɗai yake fara zuwa, ya kama ɗaki, sannan ya aiko a taho da iyali.

Takardar shaidar asali daga sakatariyar Kabo da takardar canjin makarantar yara su ne aka fi mantawa. Wanda ya bar su sai ya sake dawowa, tafiyar fiye da kilomita 400.